Matar da Ta Hana Inna Hutu

Ga ta nan, ga ta nan gare ku.

Ta zo, kunnuwanmu na jira.

To ku gyara zama. Amma fa ta yau ba ta namun daji ba ce, ba kuma ta mutanen da can ba. Mai labarin tana nan da ranta, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. In kun gamu da ita a hanya ba za ku waiga ba: gajeruwar mace ce mai ɗan jiki, da farar rigar asibiti, da takalmin da ya ga jiya ya ga yau. A wurin hukuma, ma'aikaciyar sashen gashi da motsa jiki ce. A bakin tsofaffin mata masu ciwon suga kuwa, sunanta Ja-ki-saki, don abin da take faɗa ke nan tun safe har a tashi: "Ja ta hanci, Goggo. To saki ta baki, a hankali." Har abokan aikinta sun kusa manta sunan yankanta.

Kullum ita ce ta farko a ɗakin nan na ƙarshen baranda, bayan tagar karɓar magani. Ta buɗe tagogi, ta goge kujeru ta jera su da'ira, ta zuba ruwa rabi-rabi a robobi, ta tsoma wa kowace siririn bututu. Kafin ta gama an fara jin jan takalma da ƙwanƙwasar sanda a baranda. Tsofaffinta sun iso.

Ba ta fara komai sai ta duba ƙafafu. Ta durƙusa gaban kowace tsohuwa, ta zare mata takalmi, ta leƙa tsakanin yatsu, ta shafa dunduniya, don ta san ƙafar mai suga takan taka ƙusa ba ta ji ba. Sannan ta tambaya, "An karya? An sha magani?" In ta ji amsar tana rawa, sai ta ɗauko na'urar gwaji ta soki yatsa. A aljihun teburinta akwai alawa, saboda wadda suganta zai faɗi ana tsakiyar motsa jiki. Akwai wata tsohuwar malamar makaranta a cikinsu da takan dafe goshi ta ce, "Wayyo Allah, jiri!" tana satar kallon teburin. Sai Ja-ki-saki ta ce, "Sannu Malama, kawo yatsan mu tambayi na'ura." Nan take jirin ya warke, ɗaki ya ɗauki dariya.

Kowa ya san suga yana cin ido, yana cin ƙafa, yana cin ƙoda. Kaɗan ne suka san yakan sa naman da ke jan numfashi ya yi sanyi, balle ga wadda shekaru suka ja, ta kuma daina motsi. Ita kuwa ba ta yi musu dogon bayani. Cewa take, "Ƙirji zugazugi ne. In maƙeri ya jingine shi, fatar bushewa take." Sai kowa ta ɗora hannu a kan cikinta, ta ja iska har hannun ya ɗaga, ta tsuke baki ta fitar kamar mai hura shayi mai zafi. A ɗaga hannuwa sama haƙarƙari ya buɗe. A hura bututu ruwa ya yi ta ɓulɓul, tsofaffi masu jikoki da tattaɓa kunne suna gasar kumfa kamar yara. Daga nan a fita baranda a taka, wadda ta gaji ta dafa bango, ba a yi mata gori.

Haka take yi shekara da shekaru. Masu ba da labarinta suna da yawa, amma bari in ba ku na Inna, don shi ne wanda unguwa guda ta gani da idonta.

Wata safiya aka turo wata tsohuwa a kan keken marasa lafiya sabo ƙal, ko ledar hannunsa ba a cire ba. Mai turo ta ƙaton mutum ne, autanta, direban tirela. Damuwarsu babba ce. Inna tana da tsakuwa a matsarmama, in ciwon ya motsa har birgima take. Likitoci sun ce sai tiyata. Amma likitan da ke sa barci kafin tiyata ya auna ƙirjinta ya girgiza kai, ya ce numfashinta ya yi rauni, in aka kwantar da ita haka yana tsoron tashinta. Ta je ta ƙarfafa ƙirji, a daidaita suga, sannan a dawo. In ƙirji bai yi ƙarfi ba, babu aiki. In babu aiki, tsakuwa na nan tana jiran ranarta.

Ja-ki-saki ta durƙusa ta duba ƙafafun, ta same su sumul, ba ko ƙwarzane. Ta ɗago ta ce, "Inna, ƙafar ce ke ciwo?"

"Ƙafa lafiya lau, 'yar nan."

"To keken fa?"

Auta ya karɓe. "Malama, in ta ɗan taka sai haki. Shi ne na ce ta huta. Matar nan ta sha wahala a kanmu, ita kaɗai ta rene mu. Yanzu ko cokali ba na so ta ɗaga."

Inna ta ce ƙasa-ƙasa, "Har tsintsiya an ɓoye mini."

Ja-ki-saki ta kama hannunta ta tashe ta tsaye, ta ce su je bakin taga su dawo. Tafiyar ba ta kai tsawon tabarma biyu ba, amma kafin su kai, Inna ta jiƙe da gumi, kafaɗunta na hawa suna sauka. Auta ya kasa daurewa.

"Haba Malama! Tsohuwa ce fa! Magani na kawo ta a yi mata, ba atisayen soja ba."

"Ɗana, hakin nan ba shi ne abokin gaba ba. Zaman ne. Ina kula da ita, ba zan bari ta wuce ƙarfinta ba."

"In uwarki ce za ki yi mata haka?"

Maganar ta soke ta. Auta ya ɗauki uwarsa cak ya ɗora a keke, ya tura ya fita, ko sallama babu.

Mako ya zagayo, kujerar da aka ware wa Inna babu kowa. Da wata ma'aikaciyar ce, da ta ce to, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, ta ci gaba da sha'aninta, kuma ba wanda zai ga laifinta. Ja-ki-saki kuwa abin ya tsaya mata a rai. Ba maganar Auta ba. Ta san tsoro ne ya yi magana da bakinsa. Abin da ya hana ta sakat shi ne hannun Inna. Lokacin da suke tafiya bakin taga, tsohuwar ba ja da baya take ba, jan ta gaba take.

Ta yi tambaya aka kwatanta mata gidan. Ran nan da aka tashi aiki da la'asar, maimakon ta nufi gida, ta nufi can, ba ta ko cire farar rigarta ba.

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Ta sami Inna kwance a gado, an tokare ta da matasai, ga ruwa a gefe, ga fo a ƙarƙashin gado don kada ta taka zuwa bayi. Ɗaki tsaf kamar an lashe. Auta yana kan hanya. Matarsa, wadda ake kira Uwar Biyu, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna a takure.

Ja-ki-saki ta ce, "'Yata, ba faɗa na zo ba. Na ga kina kula da ita, Allah ya saka miki. Amma in ana so a yi aikin nan, dole Inna ta tashi. Ta je famfo da kanta, ta share gaban ɗakinta, ta ninke kayanta. Mijinki ba ya nan, ke ce a gida."

Sai yarinyar ta fashe da kuka.

"Anti, wallahi na sani. Ni ma ina gani, tun da aka kwantar da ita kullum baya take yi. Amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai ranar da ina wanka Inna ta ɗauki buta ta je famfo. Goggo mai kitso ta gani. Kafin magariba unguwa duk ta ɗauka, wai matar Auta ta miƙe ƙafa tana bautar da uwar miji. Har gidanmu maganar ta kai, babana ya kira ni ya yi mini tatas. In na bar ta ta ɗauki tsintsiya, da wane ido zan fita?"

Inna daga kan gado ta ce, "Gaskiya ta faɗa. Ni ma don ita nake kwance. Ba na so a ɓata yarinyar mutane."

Kun ji fa. Ɗa ya kwantar da uwa don ƙauna, suruka ta tsare ta don kunya, uwa ta haƙura ta kwanta don tausayin suruka. Kowa alheri yake yi, alherin kuma yana cinye tsohuwa a kwance. Wannan ba ciwon da bututu da robar ruwa za su warkar ba ne. Sai Ja-ki-saki ta ce, "Ina gidan Goggo mai kitso?"

Uwar Biyu ta zaro ido. "Anti, ki rufa mini asiri!"

"Shi na zo yi."

Ta same ta a ƙofar gida, wata ta sunkuyar da kai a cinyarta ana yi mata kitso, wasu biyu na jiran layi. Daidai abin da take so ke nan: kunnuwa. Ta yi sallama, ta gaishe ta da girmamawa, ta ce, "Goggo, taimako na zo nema. Akwai aikin da duk unguwar nan an ce ke kaɗai za ki iya."

Goggo ta gyara zama, ta dubi farar rigar. "To, Allah ya sa na alheri ne."

"So nake ki shaida wa mutane cewa ni ce na hana Inna hutu. Ni, muguwar matar asibiti. Daga yau in kun ga Inna da buta ko tsintsiya, umarnina ne. In kuma kika ga yarinyar nan ta karɓe mata, ki tsawata mata, don ita ce za ta hana a yi wa tsohuwa tiyata."

Goggo ta saki gashin da ke hannunta. "Ikon Allah! Yanzu asibiti ne ke sa tsofaffi shara? Duniya ina za ki da mu!"

"Sharar ce maganin. Ke ma Goggo, tun daga bakin lungu nake jin numfashinki. Akwai suga?"

"Ɗan kaɗan."

"Suga ba shi da ɗan kaɗan. Ga shawara: kullum da yamma ki zo ki ɗauki Inna ku taka zuwa bakin titi ku dawo. Ke ce idona a unguwar nan."

Wadda ake wa kitso ta ce, kanta a sunkuye, "Ai kuwa kin samu ido, har da baki kyauta."

Goggo ta dungure mata kai. Amma muƙamin ya yi mata daɗi. Kafin gari ya waye, bakin da ya ɓata Uwar Biyu shi ya wanke ta. Duk wanda ya tsaya sai Goggo ta ce, "Ai ba ku sani ba, likita ce ta zo takanas ta same ni."

Ke ce, Ja-ki-saki, kika ɗauki baƙin jini kika yafa a kafaɗarki don wata ta samu fita da idonta. Ba a koyar da wannan a makarantar da kika yi, ba ya kuma cikin aikin da aka ɗauke ki. Raɓa, mai raya shuka ba a ji saukarki ba!

Aka fara a hankali. Daga gado zuwa bakin ƙofa, daga ƙofa zuwa famfo. Ja-ki-saki takan biyo bayan aiki da robar ruwa da bututu a jakarta, ta duba ƙafa, ta gwada suga, ta zauna su yi ta ja da saki. Ba kullum ne da daɗi ba. Akwai ranar da tsakuwar ta motsa, Inna ta kwana biyu ba ta iya ko zama, abin da aka tara ya zube, aka koma kusan farko. Ja-ki-saki ta koma gida ran nan tana tsoron kada ciwon ya riga ƙirjin. Amma da Inna ta samu sauƙi, ita ce ta fara cewa, "'Yar nan, ina robata?"

Ana haka Auta ya dawo daga tafiya ba sanarwa. Ya shigo da jaka a kafaɗa, me zai gani? Uwarsa a tsakar gida riƙe da doguwar tsintsiya, matarsa zaune tana tsince shinkafa, ga matar asibitin nan a kan tabarma. Ya jefar da jakar.

"Ke! Kina zaune Inna na shara? Ke kuma Malama, har gida kika biyo mu?"

Uwar Biyu ta miƙe. Ja-ki-saki ta ci gaba da zamanta. Ta san wannan ba faɗanta ba ne. Inna ta dogara tsintsiya ta ce, "Auta, zo nan."

Ya zo ya rusuna.

"Motarka, in ka ajiye ta wata da watanni ba ka tayar ba, me take yi?"

"Batir ya mutu, Inna."

"To ni ka ajiye ni. Ka lulluɓe ni kamar kayan gado, ka ce ƙauna ce. Ni da na goye ka na yi wankau, na goye ka na ɗebo ruwa, yau ni ce ba zan ɗaga buta ba? Ka mayar da ni gawa da raina, ka sa yarinyar nan tana ɗauke mini fo kamar jaririya, alhali ƙafafuna biyu lafiya lau, sannan baiwar Allah ta bar gidanta da iyalinta tana zuwa ta tashe ni, kai kuma ka shigo ko gaisuwa babu kana yi wa mutane tsawa kamar kana tashar mota!"

Auta ya ɗago yana kallonta, bakinsa a buɗe. Ba faɗan ne ya kama shi ba. Ya juya ga Ja-ki-saki, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Malama, rabon da Inna ta yi mini faɗa mai tsawo haka ba ta tsaya haki ba, wallahi na manta."

Goggo mai kitso, da ta leƙo tun jin hayaniya, ta ce, "Ai da saura, bar ta ta ƙarasa."

Ya durƙusa gaban Ja-ki-saki ya ba ta haƙuri kan maganar da ya faɗa mata a asibiti. Ta ce, "Tashi, ɗana. Wanda bai damu da uwarsa ba ai ba ya zafi a kanta. Gobe ka kawo ta, amma ka bar ta ta shigo da ƙafarta."

Inna ta koma cikin tsofaffin ɗakin ƙarshen baranda, aka ci gaba. Da lokaci ya yi, aka mayar da ita wurin likitan da ke sa barci. Ya sa ta hura na'urarsa, ya taka matakala tare da ita yana kallon yadda take numfashi, ya duba suga, sannan ya ce a sa mata rana.

Aka yi aiki, aka cire tsakuwa, Inna ta farka. Amma Ja-ki-saki ta san ba a gama ba, don wanda aka yanka a ciki tsoron jan numfashi yake, in kuma bai ja ba majina ta kwanta a huhu ta zama wani ciwon. Washegari da safe sai ga ta a bakin gadon da ƙaramin matashi. Ta ɗora shi a kan ɗinkin ta ce, "Rungume, Inna. Ja sosai. Yanzu yi tari."

"'Yar nan, zafi!"

"Na sani. Yi dai."

Inna ta runtse ido ta yi. Da likita ya ba da izinin a tashe ta, Ja-ki-saki ta matso za ta kama ta, sai Auta ya riga ta. Ya sa hannu a hammatar uwarsa, ya ce, "Inna, tashi mu taka."

Ja-ki-saki, ba dukan tsofaffinki ne labarinsu ya ƙare haka ba, mun sani. Wasu kin raka su iyakar inda mutum ke iya raka mutum, kin je gaisuwa kin zauna cikin 'yan uwa kamar 'yar gida, washegari kuma kin buɗe tagogi kin jera kujeru. Ke ce kika durƙusa gaban ƙafafun iyayen mutane har gwiwoyinki suka fara ƙara, ba ki taɓa yamutsa fuska ba. Ba a sa hotonki a bango ba, ba a kira ki gaban taro ba. To mu mun gani, mun kuma gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki masu yi miki yadda kika yi wa iyayen wasu.

Ku kuma 'yan baya masu sanye da fararen riguna, ku je ku zauna kusa da ita kafin watan ya ƙare, ku ga yadda ake bin mara lafiya har inda ciwonsa ya samo asali. Mu da muke da tsofaffi a gida, mu tambayi masana kafin mu kwantar da su da sunan gata.

Uwar Biyu tana nan a ɗakinta, ba mai nuna ta da baki. Auta ya koma kan hanya. Goggo mai kitso ta shiga ajin tsofaffi, suganta har yanzu yana gardama, amma ba ta fashi. Ja-ki-saki za ta miƙa makullin ɗakin ga wata yarinya da ta horar, ta koma gida cikin jikokinta. Inna kuwa ɗinki ya warke, ciwon bai sake dawowa ba. Tana nan da ranta, tana numfashi.